Ɓatan Yarinya da Shari'ar Jini a Ƙasar Kano

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Ruwa ko ta Ƙofar Dawanau ya nufi arewa, zai yi tafiyar yini guda bai ga dajin kirki ba. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, gona ce ke bin gona, gida yana hangen gida, ba abin da ya raba su sai shinge da burtali da itatuwan ɗorawa da gawo da kuka. Tun zamanin kakanni ba a barin ƙasar nan ta huta, kowace damina sai an nome ta, gama jakuna su kan kai itace da hatsi birni su komo da taki. Saboda yawan jama'a, da wuya mutum ya ratsa daga wannan unguwa zuwa waccan ba wanda ya gan shi. Ko mai noma bai ɗaga kai ba, mai jan ruwa a rijiya ya gani, ko kuwa yaro mai kiwon awaki.

Duk da haka a kan wayi gari a ce yarinya ta ɓace. Ta ɗauki tallan fura ko ƙuli-ƙuli ta tafi kasuwa, ko an aike ta unguwar da ke gaba, har magariba ta yi ba ta komo ba. Sau da yawa a kan same ta lafiya wurin wata gwaggonta. Wani lokaci kuwa sai dai gawa, a tsohuwar rijiya ko a kududdufi ko cikin dawa. Daga nan magana ta zama ta jini, ta fi ƙarfin mai unguwa da dagaci. Mai kisa kuwa ba ya gayyatar 'yan kallo. To, ta yaya alƙali zai gane gaskiyar abin da ba wanda ya ga aukuwarsa? Tun fiye da shekara ɗari masu shari'a a ƙasar Kano su ke fama da wannan tambaya. An sake kotuna, an sake dokoki, amma har yau abin da ke kai alƙali ga gaskiya shi ne ɗan abin da talakawa suka gani suka zo suka faɗa, a haɗa wannan da wancan har magana ta tsaya da ƙafarta.

Cigiya a Zamanin Da

Kafin zuwan Turawa, in yarinya ta ɓace a arewacin Kano, abin da a ke fara zato shi ne an sace ta za a sayar. Mahara daga Maraɗi da Damagaram su kan faɗo wa ƙauyuka, har a zamanin Sarki Alu mayaƙan Damagaram suka kawo hari Gezawa. Ban da mahara kuma akwai masu sane, waɗanda ke kama yaro a bakin gona su yi nisa da shi cikin dare. Turawa sun yi doka a 1901 wadda ta hana harin bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Amma sata ba ta mutu nan da nan ba. Cikin babbar yunwar 1913 da 1914, wadda ta fi tsanani a arewacin ƙasar, iyalai da yawa sun watse, yara suka faɗa hannun waɗanda ba iyayensu ba. Sai a 1936 aka yi dokar da ta kashe bauta ɗungum a Jihar Arewa.

Hanyar cigiya kuwa sananniya ce. Uban yarinya ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya sa sanƙira ya yi shela ran kasuwa, ya kuma aika wa hakimi. Cikin shekarun farko na mulkin Turawa aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowanne a gundumarsa, aka ba shi alƙali da malamai masu rubutu. Ta haka Sarkin Bai ya zauna a Dambatta. In an tsinci gawa, hakimi ya sa a tsare wurin, ya tura dogarai su kamo wanda a ke tuhuma, ya rubuta takarda zuwa birni. Alƙalin gunduma ba shi da ikon yanke shari'ar rai. Wannan ta Majalisar Sarki ce.

Amma fa ɓata dabam, mutuwa dabam. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar nan ke bi cikin littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, ɓatacce rayayye ne har sai an tabbatar da mutuwarsa, ba a ko raba gadonsa sai shekarunsa sun kai waɗanda tsararsa ba su cika wucewa ba, watau kamar saba'in. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ita ma ta ce sai an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba kāna a ɗauka ya mutu. Saboda haka aikin farko a kan mai ƙara shi ne ya nuna lalle rai ya fita. Na biyu ya nuna hannun da ya fitar da shi.

Ƙofofi Uku

Malaman Malikiyya sun ce jini ba ya tabbata a kan mutum sai ta ɗayan hanya uku. Ta fari ita ce iƙirari, watau mutum baligi mai hankali ya faɗa da bakinsa shi ya yi, ba tare da an tilasta shi ba. Ta biyu ita ce shaidu biyu maza adilai waɗanda suka ga kisan da idonsu. Ba kowa ne adili ba. Sai an sami waɗanda suka san shi sun tsarkake shi gaban alƙali, ba a kuwa karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta uba domin ɗansa. Bayan shaidu sun gama, alƙali ya juya wurin wanda a ke ƙara ya tambaye shi ko yana da abin da zai soke su da shi. Wannan shi a ke kira izari, hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba kuwa ɓatacce ne. Shaidar mata ba ta tsai da ƙisasi a wannan hanya, ko da su ne suka fi kowa sanin fitar yarinya da shigarta.

To, wanda ya yaudari yarinya ya kai ta inda ba kowa, ina za a sami adilai biyu da suka gan shi? Domin irin wannan ne aka buɗe ƙofa ta uku, ita ce ƙasama. Ba a yin ta sai an tabbata an yi mutuwar, kuma akwai lausu, watau alama mai ƙarfi wadda ke sa zuciya ta rinjaya cewa wane ne ya yi. Misalinsa, wanda aka sara ya ambaci sunan mai saransa kafin ya cika, ko adili guda ɗaya ya ga kisan, ko a ga mutum kusa da gawa da jini a jikinsa. In an sami lausu, sai dangin mamaci maza na wajen uba, aƙalla mutum biyu, su yi rantsuwa hamsin cewa wannan ne ya kashe ɗan'uwansu. In sun rantse, jini ya tabbata, amma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ƙasama. In sun noƙe, sai a juya rantsuwar kan wanda a ke tuhuma. Rantsuwa hamsin ba wasa ba ce ga mai tsoron Lahira, kuma nauyinta shi ne katangar da ke tsare marar laifi.

In jini ya tabbata, zaɓi yana hannun masu jini. Suna iya neman ƙisasi, ana kuwa kashe namiji saboda mace. Suna iya yafewa, ko su karɓi diyya, sa'an nan hukuma ta yi wa mai laifi bulala ɗari ta ɗaure shi shekara guda. Sai dai akwai kisa iri ɗaya wanda Malikiyya suka ce ba mai ikon yafe shi, ko uba ko uwa. Shi ne a rarrashi mutum a kai shi wurin da ba mai cetonsa, a kashe shi a ɓoye don a sami dukiya. Sunansa da Larabci gila, daga nan Hausawa suka sami kalmar kisan gilla. Hukuncinsa na Sarki ne, domin laifi ne a kan jama'a duka, gama in aminci ya zama tarko ba wanda zai sake sakin ɗansa ya fita ƙofar gida.

Daga Majalisar Sarki Zuwa Babbar Kotu

Turawa ba su rushe wannan tsari ba da suka zo. Sun bar wa manyan sarakuna ikon shari'ar rai, amma suka sa sharaɗi: sai Razdan ya duba takardun shari'ar, kuma ba a zartar da kisa sai Gwamna ya tabbatar. Wannan ya sa rubutu ya zama wajibi. Littattafan Majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, sun tsira, akwai shari'un jini da na gonaki da na bayi a cikinsu, har wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara waɗansu ya buga a 1994. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don su horar da alƙalai da muhutai.

Sannu a hankali saɓani ya fito tsakanin shari'ar sarakuna da ta Turawa, musamman da aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum, Tsofo Gubba, hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin a 1947, ta ce a dokar Turawa wanda aka tunzura haka ba a kashe shi. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin wannan ƙwarai. A 1959 kuma Kotun Ƙoli ta Tarayya ta soke wani hukuncin fashi na En'e ta Haɗeja, a shari'ar wani mai suna Guri, don ba a ba shi damar kare kansa ba. Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira taron masana a 1958, cikinsu har da Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Ingila. Bisa shawararsu aka tsara dokar laifuffuka ta Final Kod, wadda aka yi koyi da ta Sudan wajen shirya ta, ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Daga baya mulkin soja ya rufe kotunan sarakuna, a 1968 kuma aka karɓe sauran kotuna daga hannun En'e. Shari'ar rai ta koma Babbar Kotu. A shekarar 2000 Jihar Kano ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci, amma Babbar Kotu ta ci gaba da sauraron shari'un kisa bisa Final Kod.

Abin da ya sake wajen shaida yana da yawa. Babbar Kotu ba ta aiki da ƙasama. A maimakonta tana sauraron kowa, mace da namiji, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, sa'an nan lauyan ɗaya gefen ya tashi ya yi wa mai shaida tambayoyi don a gwada ƙarfin maganarsa. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, in alƙali ya ga yana da wayo ya kuma san nauyin faɗin gaskiya, amma ba a hukunta kowa da maganarsa kaɗai sai wata shaida ta ƙarfafa ta. Ana karɓar takardar likita, da kayan da aka samu, da bayanin wayar tarho. Akwai kuma wata ƙa'ida mai kama da lausu: wanda aka yi wa mamaci ganin ƙarshe tare da shi, a kansa ya ke ya bayyana inda suka rabu. In alamu suka taru har ba su bar wata fassara ba sai guda, kotu tana iya tabbatar da kisa ko ba wanda ya gani.

An ga aikin waɗannan ƙa'idodi a Babbar Kotu da ta zauna a Gezawa a 2014, inda aka gurfanar da wata amarya 'yar ƙauye, wadda iyayenta suka ce shekararta 14, bisa tuhumar ta sa wa angonta da waɗansu mutum uku maganin ɓera a abinci. Cikin shaidun gwamnati har da yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ta ce ita aka aika sayen maganin. Amaryar ba ta iya rubutu ba, da yatsa ta dangwala a takardar bayaninta, aka kuma yi ta jayayya a kan shekarunta. A 2015 gwamnati ta janye ƙarar, kotu ta sallame ta. Wannan shari'a ta nuna wa mutanen karkara abu biyu, cewa maganar ƙaramin yaro tana iya kaiwa gaban joji, kuma wanda bai iya karatu ba yana sa hannu a kan abin da bai san yadda aka rubuta shi ba.

Shari'ar Hanifa

Shari'ar ɓatan yarinya wadda ta fi girgiza ƙasar Kano, birni da ƙauye, ita ce ta Hanifa Abubakar. Ita ba budurwa ba ce, shekararta biyar tak. A farkon watan Disamba 2021, da yamma, tana komowa daga makarantar Islamiyya a wajen Dakata, cikin ƙaramar hukumar Nasarawa, wani ya ɗauke ta a Adaidaita Sahu. Labarin farko daga bakin yaran da su ke tafe tare ya fito. Iyaye suka shiga cigiya, aka baza hotonta ko'ina. Cikin waɗanda suka zo yi musu jaje har da mai makarantar bokon da ta ke zuwa, Abdulmalik Tanko. Bayan haka aka aiko wa iyayen cewa su biya naira miliyan 6 in suna son 'yarsu.

Aka yi wajen mako bakwai ana wannan hali. Cikin mako na uku na watan Janairu 2022 jami'an tsaro na farin kaya, waɗanda su ke bin sawun wayar da a ke kiran iyayen da ita, suka kama mutumin da ya zo karɓar kuɗi a Titin Zariya. Sai ga shi mai makarantar nan ne da ya zo jaje. Ya kai jami'ai harabar wata makarantarsa, aka tona wani rami marar zurfi, aka sami gawar a cikin buhu. Aka kai ta asibiti likita ya duba, kāna aka ba iyaye suka yi mata sutura. Gaban 'yan jarida ya faɗa da bakinsa cewa da ya ga yarinyar ta gane shi, sai ya sayi maganin ɓera na naira 100 ya ba ta, tun cikin Disamba, ya kuma ci gaba da neman kuɗin fansa alhali ta riga ta rasu. Da malaman Majalisar Sarki Abbas za su ji wannan, da ba su yi wahalar sa masa suna ba, gama siffar kisan gilla ke nan yadda littattafai suka faɗe ta.

Gari ya ɗauki zafi. Waɗansu samari suka sa wa makarantar wuta da dare. Gwamnatin jiha ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. Mutane da yawa suka ce tun da ya amsa da bakinsa, me kuma a ke jira? Amma abin da mutum ya faɗa gaban 'yan jarida ba shi ne shari'a ba. Ran 24 ga Janairu aka fara kai shi kotun majistare tare da mutum biyu, wani abokinsa da wata mace. Da ya ke majistare ba shi da ikon shari'ar rai, sai aka mai da magana Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo, gaban Mai Shari'a Usman Na'abba. Babban Lauyan Gwamnati, Musa Abdullahi Lawan, shi ya jagoranci masu ƙara da kansa. Waɗanda a ke tuhuma ba su da lauya, sai aka nema musu daga hukumar da ke ba marasa hali lauyoyi, gama doka ba ta yarda a yi wa mutum shari'ar rai ba shi da mai kare shi ba.

Ran 14 ga Fabrairu aka karanta musu tuhuma. Nan take Abdulmalik da abokinsa suka amsa laifin haɗa baki, suka musanta sata da kisa. Macen ta musanta duka. Da jama'a sun dogara ga iƙirarin farko kaɗai, da magana ta tsaya cik a nan. Sai masu ƙara suka shiga kawo shaidu ɗaya bayan ɗaya. Jami'an da suka yi kamun suka bayyana yadda aka bi sawun waya, da inda aka kama shi, da yadda ya kai su ramin. Mahaifiyar yarinyar ta faɗi yadda 'yarta ta fita da yadda saƙon neman kuɗi ya riƙa zuwa. Matar wanda a ke tuhuma ita ma ta gaya wa kotu cewa mijinta ya kawo mata yarinyar gida, ya ce 'yar wata malamar makarantarsa ce da ta yi tafiya, yarinyar ta yi kwanaki a wurinta, sa'an nan ya ɗauke ta da dare ya ce zai mai da ta. Aka ajiye kayan shaida 14 gaban kotu. Lauyoyin kariya suka yi wa kowane mai shaida tambayoyi, waɗanda a ke tuhuma kuma aka ba su dama suka faɗi nasu.

Mai karatu ya lura, a cikin shaidun nan duka ba wanda ya ce ya ga sa'ad da aka ba yarinyar guba. Yara sun ga ɗauka. Matar gida ta ga zama da fita. Jami'ai sun ga zuwa karɓar kuɗi, sun ga rami. Likita ya ga gawa. Kowanne guntu ne a hannunsa, kuma rabin guntayen nan a hannun mata da yara su ke, waɗanda a zamanin da maganarsu ba ta tsai da ƙisasi. Da aka jera su sai suka zama igiya ɗaya, tun daga bakin hanyar Islamiyya har bakin ramin, ba inda ta tsinke. Igiyar nan ce ta nuna iƙirarin farko gaskiya ne, musun baya kuwa ƙarya.

Ran 28 ga Yuli 2022 Mai Shari'a Na'abba ya yanke hukunci. Ya sami Abdulmalik Tanko da abokinsa, wanda ya binne gawar, da laifi, ya yanke musu kisa ta hanyar rataya. Macen ya ɗaure ta shekara biyu. Tun daga karanta tuhuma har hukunci ba a cika wata shida ba, abin da ba a saba gani ba a shari'ar rai. Doka ta ba wanda aka yanke wa kisa ikon ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu, kamar dai yadda a ke yi da hukuncin Majalisar Sarki a zamanin En'e.

Abin da Ke Kan Mai Shaida

Ba mamaki wata rana a kira mai karanta wannan littafi ya ba da shaida, ko a Bichi ko a Dambatta ko a birni. Tarihin nan yana da abin da zai koya masa. Na fari, cigiya ba ta son jinkiri. Kunya ta kan sa iyaye su ɓoye ɓatan budurwa kwana biyu ko uku, don gudun a ce ta bi saurayi ko ta guje wa aure. Cikin kwanakin nan sawu ke shafewa, waɗanda suka gan ta kuma su manta ko ran Talata ce ko ran Laraba. A gaya wa mai unguwa da 'yan sanda tun a daren.

Na biyu, mai shaida ya rarrabe tsakanin "na gani" da "na ji an ce". Na farkon shi ne shaida, na biyun kuwa kotu ba ta aiki da shi, gama gani ya kori ji. Kada ya raina abin da ya gani don ƙanƙantarsa. Wanda ya ga yarinya ta hau bayan babur ɗin wane bayan la'asar, ya faɗi wannan ya tsaya. Kada ya ƙara gishiri don ya taimaki masu ƙara, domin lauya zai kama ƙarin, in kuwa ya kama shi, sai gaskiyar da ke ciki ta zube tare da ƙaryar. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ɓoye shaida ma haka, kuma a dokar ƙasa mai shaidar zur ɗauri ne sakamakonsa.

Na uku, wanda Allah Ya ba shi karatu ya yi aiki da shi. Ya rubuta rana da lokaci da wuri tun abin yana sabo a ransa, gama shari'a ta kan yi watanni kafin a kira shi. In an rubuta bayaninsa a ofishin 'yan sanda, ya karanta kafin ya sa hannu. In da Turanci aka rubuta, ya nemi a fassara masa da Hausa, a kotu ma yana da ikon a ba shi tafinta. In maƙwabcinsa bai iya karatu ba, ya raka shi ya karanta masa.

Na huɗu, kada fushi ya sa jama'a su ɗauki hukunci a hannunsu. Wutar da aka sa wa gini tana iya cinye abin da alƙali ke bukata, wanda taro ya kashe kuma ya tafi da sunayen abokan laifinsa, in ma shi ne ya yi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Malaman da suka sa rantsuwa hamsin, da waɗanda suka sa lauya ya yi ta tambaya, abu guda su ke tsoro, kada jinin mamaci ya tafi a banza, kada kuma a ɗora shi a kan wanda bai zubar ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda aka zalunta, Ya tsare 'ya'yan jama'a, Ya ba masu shaida ƙarfin faɗin gaskiya.